Delu da Tsohuwar Gindin Tsamiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wata mata ce, sunanta Delu, mai tsintar kaɗanya a daji. Ba ta da kowa sai karenta, Bari-su. Karen nan ba ya cin abu daga hannun kowa sai nata.

A hanyar dajin akwai wata tsamiya. Duk wanda ya wuce ta da tsakar rana shi kaɗai, sai dai a tsinci takalmansa. Amma abin da ke cikin tsamiyar yana tsoron haushin kare. Shi ya sa Delu ke wucewa lafiya.

Rannan rana ta take, daji ya yi tsit, ko tsuntsu ba ya kuka. Sai ga wata tsohuwa zaune gaban tsamiya, ta rufe ƙafafunta da zane. Rana na dukanta, amma ba ta da inuwa.

Ta ce, "Sannu 'yata. Wayyo, dubi karenki, duk ya rame! Ungo alewa, ki ba shi da hannunki."

Bari-su ya kaɗa wutsiya, ya ce, "Uwar ɗakina, ba ni mana."

Delu ta ce, "Na gode Iya, amma zaƙi ɓata masa ciki yake." Suka wuce.

Washegari ga tsohuwa, ga tsire ya sha albasa da tafarnuwa da yaji. Ta ce, "Ungo nama, ki ba shi da hannunki."

Bari-su ya zubar da miyau, ya ce, "Uwar ɗakina, ba ni mana."

Delu ta ce, "Na gode Iya, amma albasa dafi ce a cikin kare."

Tsohuwa ta yi dariya. Dariyar ta fito, amma bakinta bai motsa ba.

Rana ta uku Delu da karenta ba su karya da komai ba, gida babu ko tsaba. Ga tsohuwa, ga ƙasusuwan soyayyiyar kaza suna tururi. Ta ce, "Ke wace irin maras tausayi ce? Ungo ƙashi, ki ba shi da hannunki."

Bari-su ya kwanta a ƙafar Delu yana kuka. "Uwar ɗakina, yunwa za ta kashe ni." Ƙamshi ya sa ya manta da haushi.

Zuciyar Delu ta karye, ta karɓi ƙashi. Yana tururi, amma sanyi ƙalau a hannu. Ta duba bakin ƙashin, tsini kamar allura. Sai iska ta ɗaga zanen tsohuwa. Kofaton jaki!

Nan Delu ta gane. So ake ta kashe muryar karenta da hannunta, sannan a cinye ta. Amma sai ta yi murmushi.

Ta ce, "Iya, karen nan kunya gare shi. Ba ya ci sai babba ya fara."

Tsohuwa ta ƙosa. Ta fizge ƙashi, ta juya ƙeya, ta ɗaga furfurarta. Ashe can bakin yake, haƙora zaƙo-zaƙo. Ta tauna, ƙaras! Ta tauna, ƙaras! Ƙashi ya tsage, ya soke ta a maƙogwaro. Ta kama tari, ta kama kakari.

Da Bari-su ya ga bakin nan, hankalinsa ya dawo. Ya yi haushi, ya yi haushi, har daji ya amsa. Tsohuwa ta zama hayaƙi, ta shige kogon tsamiya.

Da suka isa gida, maƙwabciya ta sam musu dankali. Delu ta dafa, ta bari ya huce, suka raba.

Bari-su ya ce, "Uwar ɗakina, da kin ba ni fa?"

Ta ce, "Da yanzu babu kai, babu ni."

Har yau, in ka bi ta gindin tsamiyar nan da tsakar rana, za ka ji tari daga cikin kogo. Kada ka ce sannu.

To yara, ba duk abin da kare ya roƙa ake ba shi ba. Mai son karensa yakan duba kafin ya miƙa.

Ƙurunƙus! Na ɗaure ta a kan ɓera, ya shige rami da ita.