Ɗan Majalisar Da Ya Rufa Wa Abokin Hamayyarsa Asiri

Akwai wani dattijo a jihar Nebraska ta Amurka, sunansa Wendell Ostrander. Gidansa yana bayan layin da na zauna shekara da shekaru, don haka rabin labarin nan a gabana aka yi shi.

Manomin masara ne tun asali. Mutanen yankin suka tura shi Majalisar Wakilai ta ƙasa, ya daɗe a can yana wakiltarsu. Ba shi da zafin baki. Idan 'yan jam'iyyu biyu suka yi cirko-cirko, shi ake nema ya zaunar da su.

Wata shekarar zaɓe sai ga wani matashin lauya, Dwayne Pruett, ya fito neman kujerarsa. Dwayne akwai iya magana, akwai kuma raini. Duk inda ya hau mumbari sai ya ce, "Ku bar Baba Wendell ya je ya huta mana! Kafin ya gama gaisuwa an tashi daga zaman majalisa." Jama'a su kwashe da dariya.

Zaɓe na matsowa, alamu suka nuna Wendell zai sha ƙasa. Wata safiya Russell, mai jagorantar yaƙin neman zaɓensa, ya shigo gidan yana haki. Ya tarar da Wendell da matarsa Lorraine suna karin kumallo.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, kakarmu ta yanke saƙa! Ɗan Dwayne, Toby, an kama shi da ƙwaya. Yanzu haka yana gidan da ake jinyar masu shaye-shaye, uban ya ɓoye maganar. Ka ce mini to kawai, gobe duk jihar nan ta ji."

Wendell ya ajiye kofin da ke hannunsa. "Yaron yana samun sauƙi?"

"Wa ya damu da sauƙinsa? Kujerarka ake magana!"

Wendell ya tuna da gidansu. Ƙaninsa Elmer giya ce ta kashe shi, kuma bai manta yadda surutun gari ya hana mahaifiyarsu zuwa coci ba har ta koma ga Allah.

Ya ce, "Russell, da uban nake takara, ba da ɗan ba. Yaron da ke ƙoƙarin miƙewa ba zan taka shi in hau kujera ba."

"To wallahi za ka faɗi."

Lorraine ta tura wa Russell faranti. "In ya faɗi, a gida zai faɗo. Zauna ka ci ƙwai kafin ya huce."

Haka kuwa aka yi, Wendell ya faɗi. Ya kira Dwayne ya taya shi murna, shi kuwa ya amsa a daƙile ya kashe waya.

Shekarun da suka biyo baya ba su yi masa daɗi ba. Wayar da ba ta hutawa ta yi tsit. Masu rububin gaishe shi a da suka koma ɗaga masa hannu daga nesa. Wata rana Lorraine ta same shi a rumfar ajiye kayan gona, zaune a kan tsohuwar tarakta, ya zuba wa gona ido.

Ta ce, "Tsoho, nadama kake yi?"

"Kewar aikin nake yi. Amma da za a maimaita, abin da na yi zan sake yi."

"To sauko. Shanu ba su san ka taɓa zama ɗan majalisa ba, yunwa suke ji."

Ana nan, sabon shugaban ƙasa ya hau. Yana neman mai haƙuri da zai tura jakada wata ƙasa da dangantaka ta yi tsami da ita, sai wasu tsofaffin 'yan majalisa suka ambaci Wendell. Amma sai Majalisar Dattawa ta amince, kuma a kwamitin da zai tantance shi akwai Dwayne Pruett, wanda zuwa lokacin ya zama sanata.

Ranar tantancewa Wendell ya zauna gaban sanatoci, Lorraine na bayansa tana murza hannun jakarta. Da aka zo kan Dwayne, sai ya cire tabarau.

Ya ce, "Ba ni da tambaya. Na yi takara da mutumin nan, na mayar da shi abin dariya a gaban mutanensa. A lokacin yana riƙe da abin da zai rusa gidana, bai yi amfani da shi ba, bai kuma taɓa yi mini gori ba. Wanda ya jagoranci yaƙin zaɓensa ne ya gaya mini daga baya, kunya ta hana ni neman shi. Idan ƙasata na neman wanda za ta ba amana, ga shi nan zaune."

Kwamiti ya amince, majalisa ma ta amince daga baya.

Da suka fito daga zauren a ranar, wani magidanci ya tare su, ɗauke da 'yar ƙaramar yarinya a kafaɗa.

Ya ce, "Yallaɓai, ni ne Toby. A lokacin da nake jinya, ƙiris ya rage in yanke ƙauna. Da sunana ya fito a jarida, ban san ko zan kai yau ba. Ga 'yata, so nake ta gan ka."

Wendell ya matso don ya gan ta da kyau. Yarinyar ta miƙa hannu ta cafke masa hanci. Lorraine tana dariya tana share hawaye, ta ce, "Riƙe shi da kyau, 'yar nan, kada ya yi kuka a gaban sanatoci."

Ya je ya yi aikin jakadanci har ƙasashen biyu suka koma zama a teburi ɗaya. Da ya dawo gida, duk lokacin da Dwayne ya shigo jihar sai ya biyo ta gonar, su zauna a baranda suna musun siyasa, don har Wendell ya rasu ba su taɓa yarda da juna a kan haraji ba. Dwayne da Toby suna cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa.

Darasi: Kada neman nasara ya sa ka tona asirin wanda rauninsa ya faɗo hannunka. Kujerar da ka rasa don kare mutuncin wani, Allah yana iya musanya maka da wadda ta fi ta, ya haɗa maka da masoya. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman masu shirin tsayawa takara.