Sarkin da Ya Raba Gonaki da Kyauta

An ce wani sarki ya ƙudura sai ƙasarsa ta fi kowace ƙasa arziki. Ya sa aka yi shela: manomin da ya fi kowa samun amfanin gona za a ba shi doki da alkyabba, wanda ya zo ƙarshe kuwa a karɓe gonarsa.

Mutanen garin ba su rasa basira ba, sai dai daga ranar gayya ta mutu. Wa zai yi wa abokin gasa noma? Mai irin kirki ya ɓoye irinsa, ko ƙaninsa bai ba.

Da gero ya fitar da kai, sai tsuntsaye jan-baki suka sauko kamar hadari. Kowa ya kore su daga gonarsa, su faɗa ta maƙwabci, shi ma ya koro su. Gero yana ƙarewa, mata suka fara rage awon tuwo.

Sarki ya aika aka kira Malam Barmo, wani dattijo masani da ke bayan gari. Ya ce, "Malam, faɗa mini wanda ya fi wayo a ƙasata, in ɗora masa aikin korar tsuntsayen nan."

Malam ya ce, "Allah ya ba ka nasara, tsuntsayen nan ne."

Fuskar sarki ta canja. "Ba'a kake mini, ga yunwa a bakin ƙofa?"

"Ya sarki, tare suke sauka, tare suke tashi, ba wanda ke ɓoye wa ɗan'uwansa gona. Mutanenka kuwa ba korarsu suke ba, aika wa juna su suke yi."

"Wa ya koya musu wannan wauta?"

Malam ya dubi dokin kyautar da ke ɗaure a ƙofar fada.

Sarki ya jima yana kallon dokin. Sannan ya miƙe ya ce, "Na soke gasar. Ba gonar da za a karɓe. Gobe da safe kowa ya fito, ni ne a gaba."

Haka aka yi. Aka jeru tun daga rafi har gindin dutse, da ganguna da majajjawa da tsofaffin ƙorai, sarki yana kaɗa tasa gangar har hannunsa ya kumbura. Tsuntsayen suka rasa masauka, suka bar ƙasar. Geron da ya tsira ya riƙe gari har wata damina.

Sarki ya ce, "Malam, na gane. Hukuncin da zai sa mutum tsoron cikar rumbun maƙwabcinsa ba adalci ba ne, ko da kyauta aka naɗe shi."