Bel ɗin Lantarki na Alhaji Falalu

Akwai wani mutum a Rusholme, cikin Manchester, ana ce masa Alhaji Falalu. Bakano ne, akanta ne, kuma mutum ne mai son a ce ya iya sa kaya. Ya iya ɗin ba laifi, duk da dai na san wanda ya fi shi, amma ba kaina na zo yabo ba.

Yana da aboki a Small Heath ta Birmingham, Inusah, ɗan zangon Kumasi. Ɗaki ɗaya suka zauna a Salford farkon zuwansu ƙasar nan. Sana'ar Inusah ita ce bin shagunan da za su rufe, ya kwashi tufafin da aka karya wa farashi ya aika gida. Shi ya sa duk taron da aka yi sai ya zo da sabuwar kwat, Falalu kuwa ya taɓa hannun rigar ya ce, "Ba laifi," ya koma gida ya kasa cin tuwo.

Abu ɗaya ne yake sanyaya wa Falalu rai: dukansu biyun suna fama da ciwon baya. Shekaru ke nan duk inda salla ta kama su tare, sai a ja musu kujeru biyu a ƙarshen sahu, kusa da tsofaffi. Falalu ya tsani kujerar nan. Amma in ya waiwaya ya ga Inusah a kan tasa yana cije leɓe, sai ya ji ciwon ya ragu.

Ran nan aka yi walima a Birmingham. Aka tada salla, Falalu ya ja kujerarsa, ya ja ta abokinsa, ya zauna yana jira.

Sai ga Inusah ya wuce shi ya shiga sahun farko. Ya yi ruku'u, ya yi sujada, ya miƙe tsaf kamar ɗan makaranta.

Allah ne kaɗai ya san abin da Falalu ya karanta a sallar nan.

Da aka idar ya je ya kama hannunsa. "Ɗan zango, ka samu sauƙi ke nan?"

"Alhamdulillahi, Alaji."

"Madalla. Na ji daɗi ƙwarai." Ya faɗa da fuskar wanda aka taka wa sabon takalmi.

A gidan Inusah, ana shan shayi, idon Falalu ya faɗa kan wani abu a rataye a bangon falo. Tsohon bel ne na fata mai faɗi, an jera masa faya-fayan tagulla da na farin ƙarfe a ciki. Kusa da shi ga tsohon hoton talla, wani Bature mai gashin baki ya ɗaura shi, walƙiya na fita daga ƙugunsa.

"Wannan fa?"

Inusah ya yi dariya. "Wani tsohon shagon tufafin maza ne zai rufe a cikin gari, na je kwasar kaya suka ba ni kyauta. Wai zamanin kakanninsu sayar da shi suke. A tsoma shi a ruwan kal, a ɗaura a kan fata, wai lantarki ya shiga jiki ya kori ciwon baya da sanyin ƙashi. Turawa ma sun sha bokaye, Alaji."

Falalu ya yi dariya shi ma, amma idonsa bai bar bangon ba.

A bakin ƙofa sai ya haɗu da wani bawan Allah mai kyan hula, wanda ba zan faɗi sunansa ba saboda tawali'u. Falalu ya ja shi gefe ya ce, "Kai da kake jin labarin kowa, me mutumin nan ya sha?"

Mai kyan hula ya ce, "Ni ban sani ba. Na dai lura tun da bel ɗin nan ya shigo gidansa bai ƙara neman kujera ba."

Jama'a, ku duba maganar nan. Akwai ƙarya a ciki? Amma har yau wasu na cewa wai shi ya jawo komai. Mutane ba su da tsoron Allah.

A hanyar komawa Manchester Falalu ya ce wa matarsa Kulu, "Kin gani? Ya samo magani ya ɓoye. Har da yi mini dariya don kada in gane."

Kulu ta ce, "Alhaji, abin da aka ɓoye ne ake ratayewa a falo? Ka kira shi ka tambaye shi mana."

"In tambaye shi? Ya je ya ce shi ya warkar da ni?"

Ya ɗauki hutu a ofis, ya hau jirgin ƙasa ya koma Birmingham ba tare da kowa ya sani ba. Ya samu shagon ranarsa ta ƙarshe, mutane na turereniya a kan tarin riguna. A tagar shagon ga wani bel irin wancan. Jikar mai shagon ta ce masa na ado ne, kuma ko a zamanin da bai taɓa warkar da kowa ba, har kakan nata ya daina sayarwa don kunya.

Falalu ya ce a ransa, "Har nan ya zo ya toshe bakinsu." Ya nace sai da ta ba shi.

Zai fita ya hango kwat irin ta Inusah sak, ita kaɗai ta rage. Ya gwada, maɓallin bai kai ba sai ya riƙe numfashi. Matar ta nuna masa cewa kayan rufe shago ba a dawo da su. Ya ce ta naɗe.

Ba a daɗe ba ɗiyar Inusah ta haihu, aka sa ranar suna a Small Heath. Falalu ya ce yau ce ranar.

Tun da safe ya shiga banɗaki da kwalbar ruwan kal ɗin Kulu. Ya jiƙa bel ɗin sharkaf, ya ɗaura a kan fata, ya sa farin kaftani, ya ɗora kwat.

Ba su fita daga Manchester ba ɗiyarsa Na'ima ta toshe hanci. "Dad, you smell like a chippy." Wato yana warin shagon soyayyen kifi da dankali, inda ake yayyafa ruwan kal.

Kulu ta sauke gilashin mota. "Alhaji, kifi da dankali ka ci ba ka ɗanɗana mana ba?"

Bai kula su ba. Ƙugunsa ya fara ƙaiƙayi, daga nan ya koma zafi. Ya yi murmushi ya ce a ransa, lantarki ya fara aiki.

A masallaci wani dattijo ya tura masa kujera. Falalu ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "A'a Baba, ku da kuke buƙata." Ya ratsa har sahun farko ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Inusah.

Liman ya yi kabbarar ruku'u. Falalu ya sunkuya da ƙarfi don na baya su gani.

Kwat ɗin ce ta fara magana, ta tsage tun daga wuya har ƙasa. Gadon bayansa ya biyo baya. Jama'a suka ɗago, Falalu bai ɗago ba. Yana nan a lanƙwashe, gumi na ɗiga, kuma na sahu na biyu suna kallon wasu koren da'irori da suka fito a jere a kan farin kaftaninsa.

Inusah ya sa hannu ƙarƙashin hammatarsa ya sauke shi ƙasa a hankali. Ana yin sallama, kafin kowa ya juyo, ya cire tasa kwat ɗin ya rufe masa baya. Ya ce wa mutane, "Jiri ne, ku ba shi iska." Ya tallafe shi zuwa wurin alwala ya ja ƙofa.

Da ya ɗaga kaftanin ya ga bel, ya ga fatar ta yi ja ta tashi, sai ya zauna a kan dakalin alwala ya riƙe ciki don dariya.

"Alaji! Ka ɗaura? Ni wallahi ko sau ɗaya ban taɓa ɗaura shi ba!"

Falalu yana nishi ya ce, "To me ka sha?"

"Ban sha komai ba. GP, likitan unguwarmu, ya tura ni wajen physio, masu koya motsa jiki. Kullum da safe ina kwanciya a ƙasa ina ɗaga ƙafafu sama kamar kyankyaso, matata Adiza na tsaye tana dariya. Ina zuwa iyo tare da tsofaffin matan Turawa, har sun san sunana. Abin da zan yi shela a walima ke nan? Amma da ka tambaye ni ai da na faɗa maka tun ranar. Me ya hana ka?"

"Na ɗauka ba za ka faɗa ba."

Inusah ya daina dariya ya dube shi. "Da kai ne ka warke, da ka faɗa mini?"

Falalu ya ja kaftanin ya rufe bel ɗin.

Inusah ya ce, "Tashi mu je asibiti, Bakano. Ka jingina da ni."

Ya bar sunan jikarsa ya kai shi, ya zauna da shi har aka wanke ƙunar.

Yau Falalu yana nan a kan kujera, amma GP ɗinsa ya tura shi inda aka tura Inusah. Kullum bayan asuba waya na ƙara daga Birmingham, su kunna bidiyo, maza biyu masu furfura a kwance a ƙasa ƙafafu a sama, Kulu da Adiza na gaisawa ta samansu.

Kwat ɗin Inusah kuwa har yanzu bai mayar ba. Ya ce ta fi yi masa kyau.

Darasi: Hassada takan sa ka zaci ɗan'uwanka yana ɓoye maka abin da ba ka ma tambaye shi ba, domin da zuciyarka kake auna tasa. In ka ga Allah ya yi wa wani sauƙi, ka taya shi murna, ka tambaye shi hanya, in ciwo ne ka je wurin likita. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wanda yake taɓa hannun rigarku ya ce "ba laifi". Ni kuma da na ɓata safiyata na rubuta muku, ko sannu ba kwa yi mini, Allah yana gani.