Ganyen da Bai Samu Ba

An yi wani mutum a garinmu na bakin teku, kusa da birnin Bari, ma'aikaci a ofishin da ake cike wa jama'a takardar haraji. Gwani ne. Duk watan Mayu masunta da 'yan fansho kan yi layi a teburinsa.

Ya rabu da matarsa Filomena tun 'yarsu Cosima tana shekara tara. Filomena ce ta riƙe yarinyar. Shekara goma sha huɗu tana gyaran kifi a kasuwa, ƙanƙara da gishiri sun tsattsaga mata hannu, amma ko sau ɗaya kuɗin jami'a bai yi latti ba. Na sha tsayawa ina kallon matar nan ina jin kunyar digirina.

Kun san hukuma kan mayar wa iyaye wani kaso na kuɗin karatun da suka biya. Da wannan kason Filomena ta yi niyyar biyan zangon ƙarshe.

Sai mutumin ya kira 'yarsa. "Kawo rasit ɗin kuɗin jami'ar nan in adana miki, 'yar baba. Uwarki a kwandon kifi za ta zuba su, su zo suna ƙarni." Cosima ta yi dariya, ta kawo. Ya rubuta a takardar harajinsa cewa shi kaɗai ya biya. Kuɗin suka shigo cikin albashin Yuli, ya canja tayoyin motarsa.

Da Filomena ta gane, ta zo ofishinsa da rigar aikinta. Ba ta zage shi ba. Ta shimfiɗa takardun banki a gabansa, mutane suna kallo.

"Kai ne gwanin lissafi," ta ce. "Ƙirga mini, sau nawa sunanka ya fito a nan?"

Ya duba. Ko sau ɗaya.

Hukuma ta ci shi tara, ofis ya sallame shi. Wa zai sake miƙa masa takardarsa? Ita kuwa ta ƙara da wanke-wanke ranar Lahadi a wani gidan abinci, ta biya zangon.

Ranar yaye ɗalibai ya je, ya tsaya a bayan taro. Cosima ta fito da kambin ganye a kanta, irin wanda masu kammala jami'a kan sa a nan, tana tsinko ganyen ɗaya-ɗaya tana rabawa: na uwarta, na matan kasuwar kifi, har direban bas ya samu. Uban ya ji alfahari ya cika masa ƙirji. Ta iso gabansa, ya buɗe tafinsa.

"Baba," ta ce a hankali, "na waɗanda suka biya ne."

Ta wuce.

Ya 'yan uwa, tara ana biya, aiki ana samun wani. Amma ina ofishin da zai mayar wa uba matsayinsa a zuciyar 'yarsa? Wanda ya rubuta sunansa a kan gumin wani, hannunsa a buɗe zai tsaya ranar rabo, a nan da kuma gobe kiyama.

Allah ya ba mu hannu irin na Filomena. Allah ya kiyaye mu da cin haƙƙin waɗanda suka amince mana.