Bencin Laraba

A shekarar 1986 Malama Liatu tana koyar da lissafi a firamaren Gozaki. Mace ce mai kirki, aibinta guda: ba ta son a ga tana tambaya.

Mijinta Bitrus direban motar auduga ne. Yakan faɗo gida ba sanarwa, ya yi kwana biyu ya wuce. Ga ta da goyo ɗan wata goma sha huɗu, garin kuma bai rasa bakin da zai yi wa mai rurrutsa, wato ciki a kan goyo, waƙa ba.

Duk Laraba ana ba da maganin tazarar haihuwa a asibiti a Malumfashi. Sai dai a kan benci ake jira, tare da iyayen ɗalibanta, nas ɗin kuma Dorkas ce, shugabar zumuntar matan cocinsu. Liatu ta ga bencin bai dace da malama ba.

Sai ta riƙa zuwa kemis ɗin wani Maiwada a Funtuwa, yana ba ta ƙwayar da ake sha bayan an riga an sadu. Tun farko ya gaya mata ta tsautsayi ce, ba ta kullum ba. A zuwa na biyar ya dube ta ta saman tabarau.

"Malama, tsautsayin nan naki ya fi jirgin ƙasa kiyaye lokaci."

"Na san lissafina," in ji ta.

Lissafin kuwa ya riga ya watse. Jini yakan zo mata sau biyu a wata, ko ya ɗiga ya ɗauke, duk wanda ta gani ta ce al'ada ce. Ƙwayar ba kullum take tare ciki ba. Da ciwo ya soke ta a gefen mara, sai ta ɗora wa wake laifi.

Wata Laraba tana rubutu a allo, gumi ya keto mata, alli ya suɓuce, ta bi shi ƙasa. Motar kasuwa ta kai ta Malumfashi. Dorkas ta buɗe idon Liatu, ta gan shi fari fat, ta tambayi ranar al'adarta ta ƙarshe. Malamar lissafi ta ƙirga, ranar ta ɓace mata.

Ciki ne ya zauna a wajen mahaifa, ya fashe. Likita ya ce in ba a ƙara mata jini ba, ba za ta kai la'asar ba. Bitrus yana can kudu. Dorkas ta fita wajen benci ta yi bayani. Mata uku suka miƙe don ba da jini, Hansai mai ƙosai a gaba.

Liatu ta rayu, an cire mata bututun mahaifa ɗaya. Bayan wata biyu ta zo ranar Laraba, ta tsaya daga nesa. Hansai ta gyara zaninta.

"Matso, Malama. Tun bara wurinki yake nan."

Darasin a fili yake. Maganin gaggawa na ranar gaggawa ne. Mai son tazara ta je a duba ta, a ba ta wanda ya dace da ita. Kunyar tambaya kuma ba ta taɓa ɓoye kowa ba, ranar fallasa kawai take ɗagawa.