Sandar Tutar Erastus

Mijina marigayi Erastus Pell maƙeri ne, mutumin kirki, sai dai ba ya iya jira, kuma ba ya iya neman taimako. Ban yi karatu mai nisa ba, amma abin da na gani da idona zan faɗa.

A ƙauyenmu na jihar Ohio ta ƙasar Amurka, idan babban taron jam'iyya ya tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa, sai a saro doguwar bishiya, a ɓare ta, a ɗaura mata tuta, maza wajen arba'in su ja igiya su tsayar da ita a dandali. Mu mata mu gasa nama da burodin masara. Sanda ɗaya ake tsayarwa, kuma sai an san ɗan takara.

A wata shekarar zaɓe bayan yaƙin basasa, jam'iyyarmu ta rabu biyu. Erastus yana bayan tsohon janar ɗin da ya yi yaƙi a ƙarƙashinsa. Ƙanena Lyman kuwa yana bayan wani sanata. Wakilai suka kwana biyar a birni suna ta jefa ƙuri'a, ba a daidaita ba. Erastus ya ce shi kam ya gaji, zai tsayar wa janar sanda tun yanzu. Ya haɗa itace biyu da zoben ƙarfe, tsawon ƙafa ɗari.

Lyman ya leƙo maƙera yana dariya.

"Yaya Erastus, sama za ku kai janar ɗin naku? Ku nawa za ku ja?"

"Mu sha huɗu."

"Har da Baba Whitcomb mai ƙafar katako? Haba Yaya! Bari zuwa Asabar mana. Ko wa aka tsayar, mu ja tare."

"Hannun da ya tafa wa sanata ba zai taɓa igiyata ba. Je ka shafa wa gashin bakinka mai."

Na ce, "Maigida, kwana uku ne fa." Ya ce in kula da tukunyata.

Washegari da hantsi suka fara ja. Sandar ta tashi zuwa rabi, sai ta tsaya tana rawa, domin babu mai riƙe igiyar gefe. Lyman da mutanensa suna kallo daga bakin kanti. Suka yar da huluna suka rugo, amma kafin su iso ta karkace ta faɗo. Erastus ne a gindinta.

Lyman ne ya ɗauko shi zuwa gida. Erastus bai kai la'asar ba, ya cika.

Muna dawowa daga maƙabarta aka karanta saƙon waya a ƙofar gidan waya. Ba janar aka tsayar ba, ba sanata ba. Wani mutum ne na uku, wanda Erastus bai taɓa ambatar sunansa ba.

Darasin da na samu shi ne, kada gaggawa da girman kai su raba ka da mutanen da kake buƙatar hannunsu. Manyan da kuke faɗa dominsu za su sasanta a can, ba su ma san sunanka ba. Maƙwabcinka shi ne zai riƙe maka igiya, idan ka bar shi.