Sanarwar Rasuwar Rafin Lipnica

Akwai wani tsohon masinjan gidan waya mai suna Radisav a wani ƙauye cikin duwatsun ƙasar Sabiya. Duk takardar da aka manna a bango sai ya tsaya ya karanta, har mutane na yi masa tsiya.

Wata rana ya je karɓar fansho a ofishin ƙaramar hukuma, sai ya hango wata takarda a bayan ƙofa. Wani kamfani ne zai zura rafinsu, Lipnica, cikin bututu don yin lantarki. Doka ta ce sai an ji ta bakin jama'a, an kuma sa zaman ranar Alhamis. Idan ba wanda ya ce uffan, za a ba da izini.

Da rafin nan suke ban-ruwan barkono da wake.

Ya dawo ya bi gida-gida, amma ba wanda ya saurare shi.

Vukota mai shago ya kwashe da dariya. "Kawu, ka bar aikin wasiƙa amma wasiƙa ta ƙi barin ka! Manya sun gama magana, mu su wa? Zauna ka sha kofi."

Abin ya yi masa ciwo. Yana fita ya ga mutane sun taru gindin bishiyar ƙofar coci, inda ake manna sanarwar mutuwa. Ita kam ba mai wuce ta.

Washegari sai ga sabuwar takarda mai baƙin gefe a jikin bishiyar:

"Muna sanar da rasuwar uwarmu Lipnica, wadda ta shayar da mu da kakanninmu. Za a binne ta cikin bututu. Ana karɓar gaisuwa ranar Alhamis, ƙarfe goma, a zauren ƙaramar hukuma."

Tsohuwa Stanojka ta zo har gida da sandarta. "Radisav, ba ka da kunya? Da mutuwa ake wasa?"

"Ba wasa nake ba, Inna."

Sai ta ce, "To ka nema mini kujera a mota."

Ranar Alhamis zauren ya cika maƙil, mata sanye da baƙi. Jami'ar muhalli, wadda ta saba tarar da kujeru wayam, ta tambaya, "Wa ke da ƙorafi?"

Vukota ne ya fara ɗaga hannu. Kowa ya faɗi nasa, ta rubuta. Bincike ya nuna kamfanin bai auna yawan ruwan rafin a lokacin rani ba, aka hana izinin.

Ranar da labari ya iso, Vukota ya cire hula a gaban jama'a ya ce, "Kawu, na yi maka dariya, ka yafe mini. Jikokina za su sha ruwan nan saboda kai."

Radisav ya share hawayen murna.

Darasi: Doka na ba ka damar magana, amma ba za ta yi maganar a madadinka ba. Kada ka raina mai ankarar da kai, ka gode masa tun yana raye. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su amfana.